Shawara Ga Malaman Gobe A Kan Kalmar Tebur

Jama'a, 'yan'uwanmu masu koyon aikin malanta, da malamanmu waɗanda su ke ɗawainiya da mu, muna roƙo ku tara mana hankalinku a kan wata 'yar kalma ta Turanci wadda ko wane yaro ya ke ji tun makonsa na fari a makaranta, watau "table". Ya yiwu wani ya ce, ashe takarda ta yi arha, har a ɓata shafi guda wajen zancen tebur? To, a yi haƙuri a karanta tukuna. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ra'ayinmu shi ne, malamin da ya buga teburin aji da hannu, ya ce "table", yara su ka amsa, ya ce musu tebur ke nan, sa'an nan ya tsaya nan har su ka fita makaranta, to, ƙuƙumi ya yi musu. Kalmar nan tana da ma'anoni da yawa, tebur na katako ɗaya ne kurum daga cikinsu, kuma sauran su ne su ke ka da yara a jarrabawa, wani lokaci ma su jawo ɓarna a gida.

Bari mu ɗauki makarantun ƙasar Yankwashi don misali, gama irinsu ne mafi yawanmu za mu koyar a ciki. Yankwashi ɗaya ce daga ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Kazaure, sauran su ne Kazaure da Roni da Gwiwa, ga Babura kuma maƙwabciya. Duk suna arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wadda aka yanke daga Kano a 1991. Yaron da ya zo makaranta daga Karkarna ko Achilafiya, da Hausa ya tashi, wani kuma da Fillanci. Turanci ba ya jinsa a gida, ba ya jinsa a gona, sai a bakin malaminsa. Gwamnati ta sha sauya shawara a kan harshen koyarwa. A 1977 aka ce a koyar da yara da harshen gida a shekarun fari, a 2022 aka ce shekara shida, a 2025 kuma aka janye wannan aka koma ga Turanci. Amma duk cikin sauye-sauyen nan abu ɗaya bai motsa ba, watau manyan jarrabawa da Turanci a ke rubuta su, sai ta harshe kaɗai. Sabo da haka abin da malami ya zuba wa yaron nan a kan ko wace kalma, shi ne guzurinsa duka.

Mu fara da yadda kalmar ta zauna a bakinmu. Kakanninmu ba su da tebur, don ba su bukace shi ba. A tabarma a ke cin tuwo, akushi a tsakiya, faifai a kansa. Malami kuwa a buzu ya ke zaune, almajiri ya ɗora allonsa a cinya. Tebur ya shigo tare da ofis da kanti da makarantar boko, irin wadda Dan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Da abin ya shigo sai sunansa ya biyo shi, Hausawa kuwa su ka gyara sunan daidai da harshensu. Ku duba, ba da ka su ka yi ba, akwai ƙa'ida. Kalmomin Turanci da yawa masu ƙarewa da sautin "l", Bahaushe ya mai da shi "r". Haka aka sami fensir, da kyandir, da shebur, da kebur, da tebur. Sa'an nan aka yi masa jam'i irin namu, aka ce tebura ko teburori. Kalmar da ta sami jam'i a harshe, ta zama 'yar gida.

Ba a nan ta tsaya ba, har ta haifi ma'anar da Baturen Ingila bai sani ba. In aka ce wane ya kafa tebur, ko wane Bahaushe ya san ƙaramin ciniki a ke nufi, watau sukari da ashana da alewa da sabulu da batir, a ƙofar gida ko a bakin tasha. Mai tebur sana'a gare shi, yana da jari, yana da masu cin bashi. Ga kuma teburin mai shayi, inda samari su ke taruwa da safe da dare, a sha shayi da burodi, a tattauna labarin duniya. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ya ratsa ta Kazaure ya ga irin teburan nan jere a bakin titi. A Nijar ma, wadda ba ta da nisa da Babura, masu jin Faransanci suna kiran ɗan cinikin nan "tablier", daga kalmar tebur ta Faransanci. To, yaron da ya zo aji yana ɗauke da ma'ana biyu ke nan, tebur na zama da tebur na ciniki. Ta farin ce kaɗai ta yi daidai da Turanci. In ya so ya faɗa wa Bature cewa ubansa mai tebur ne, ya juya maganar kalma da kalma, Baturen zai yi mamakin abin da ya sa a ke ba shi labarin kayan ɗaki.

Yanzu mu juya wajen Turawa mu ga asalin kalmar a wurinsu, gama a nan mabuɗin ya ke. Su ma aro su ka yi. Daga Latin ta fito, harshen mutanen Rum na dā, inda a ke cewa "tabula". Ma'anarta kuwa shimfiɗaɗɗen katako, musamman wanda a ke rubutu a kansa. Dokokin Rum na fari, waɗanda aka kafa kamar shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, da wannan suna a ke kiransu, don an rubuta su a kan alluna goma sha biyu aka kafa a dandali ko wa ya gani. Mutanen Ingila na dā kuwa, abin da su ke cin abinci a kai "board" su ke ce masa. Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya rinjayi fada da gidajen manya, sai a hankali "table" ta karɓe wurin cin abinci. Amma tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. A fassarar Baibul ta Turanci ta 1611, allunan da aka ba Annabi Musa da wannan kalma aka kira su. Alƙur'ani mai girma kuwa ya ambace su da jam'in "lauhu", wadda daga gare ta ne mu ka sami kalmarmu ta allo.

To, kun ga inda zancen ya nufa. Kalmar da mu ke koya wa yara cewa tebur ce, asalinta allo ce. Yaron Yankwashi kuwa ba wanda zai koya masa allo. Tun kafin ya san ƙofar makarantar boko ya riƙe shi, ya wanke shi, ya shafa masa farar ƙasa, an yi masa rubutu layi bisa layi. In malami ya ce masa, wannan kalma tana nufin abu shimfiɗaɗɗe, wani lokaci mai ƙafa huɗu, wani lokaci abin rubutu kamar allonka, to, ya ba shi igiyar da zai jawo sauran ma'anonin duka da ita. In kuwa ya ce tebur kurum, yaro zai riƙa neman ƙafafu huɗu a ko wace jimla, ba kuwa zai same su ba.

Ma'ana ta fari da zai yi karo da ita tana manne a bangon ajinsa, watau "timetable". Ba katako a nan, takarda ce aka ja wa layuka tsaye da kwance, aka rubuta darasi da sa'arsa. Sunan wannan a Hausa jadawali, kalmar da mu ka aro daga Larabci tun da daɗewa. Haka kuma "times table", jadawalin sau, biyu sau biyu huɗu, biyu sau uku shida. In ya ci gaba zai tarad da jadawalin sinadarai wanda Mendeleev, mutumin Rasha, ya tsara a 1869, mai ɗauke da sinadari 118 a yau. A farkon ko wane littafi kuma ga "table of contents", watau abubuwan da ke ciki. Mai jarrabawa ya kan rubuta cewa a duba "table" da ke ƙasa a amsa tambaya. Yaron da bai san tebur sai na katako ba, ya kan ɓata lokacinsa yana laluben abin da a ke nufi, alhali lissafin kansa bai fi ƙarfinsa ba. Sai a ce ya faɗi lissafi, ga shi kuwa kalma ɗaya ce ta ka da shi.

Kada kuwa wani ya zaci jera lambobi a gida-gida Turawa ne su ka kawo mana. Malamanmu sun daɗe suna zana hatimi. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda a ke tsara irin hatimin nan na lissafi, ya kuwa rasu a Alƙahira a 1741. Mafi sauƙinsa shi ne mai gida tara. A layin sama a sa 4 da 9 da 2, a tsakiya 3 da 5 da 7, a ƙasa 8 da 1 da 6. Ko ta ina ka tara, tsaye ko kwance ko a karkace, 15 za ka samu. Malamin da ya zana wannan a allon aji, ya ce wa yara ga abin da Bature zai kira "table" na lambobi, kuma wani Bakatsine ya yi littafi a kansa shekaru kusan ɗari uku da su ka wuce, ya koyar da Turanci da lissafi da tarihi cikin minti goma. Har wa yau ya nuna musu cewa ilmin boko bai zo ya tarad da kawunan kakanninsu wofi ba.

Ma'ana ta biyu tana ƙarƙashin ƙafafunmu. Littafin labarin ƙasa ya kan yi zancen "water table". Ba teburin da a ke ajiye ruwa a kai ba ne, ko da ya ke yara da yawa haka za su fassara. Abin nufi shi ne iyakar da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya tsaya, inda mahaƙin rijiya ya ke cim masa. An kira shi haka don an ɗauke shi kamar abu shimfiɗaɗɗe a cikin ƙasa. Ya kan taso a ƙarshen damina, ya sauka da bazara, shi ya sa a ke ƙara wa guga igiya in zafi ya yi. Wannan ilmi kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Wajen Kazaure da Roni ƙasar duwatsu ce, ruwa ya kan maƙale a tsagar dutse da ruɓaɓɓen dutse, har a haƙa nan a samu, a matsa kaɗan a rasa. In aka nufi wajen Babura kuwa rairayi ya fi yawa. Ko wane tsohon mahaƙi zai faɗa maka gaba nawa a ke yi a unguwarsu kafin a ga danshi. Yaro ya san wannan duka da Hausa. Abin da ya rage masa kurum a gaya masa cewa kalmar littafi da maganar mahaƙi abu ɗaya su ke nufi. Wata rana shi ne zai zauna a kwamitin gari sa'ad da za a haƙa rijiyar burtsatse, a miƙa masa takardar masu awo ya karanta wa dattawa.

Ma'ana ta uku ita ce ta fi tsorata mu, don ta shafi rai. A gidaje da yawa na karkara, ɗan makaranta shi ne mai karanta wa iyaye takardar magani. A jikin kwalba a kan rubuta "tablespoon" ko "teaspoon". Na farin babban cokali ne, awonsa mililita 15. Na biyun ƙaramin cokali ne na shayi, awonsa mililita 5. Ku duba, babban ya ninka ƙaramin sau uku. Kalmomin biyu kuwa da harafi ɗaya su ka fara, da kalma ɗaya su ka ƙare, in an taƙaita su ma sai a dubi ɗaya a zaci ɗaya ce. Yaron da aka koya wa tebur da cokali dabam dabam, ba a taɓa gama masa su ba, zai ce wa uwarsa cokali ɗaya aka ce. Wane cokali? Wanda ya zo hannu. Ta haka jariri zai sha ninki uku na abin da likita ya nufa, ko kuwa babba ya sha sulusin nasa, ciwo ya ƙi tafiya, a ce magani ba shi da kyau. Ga kuma "tablet", wadda asalinta ƙaramin allo ce. Ita ce ƙwayar magani, don an danne ta ta yi faɗi, ita ce kuma 'yar kwamfutar nan mai kama da allo da a ke riƙewa a hannu. Almajiri mai allo da ɗan birni mai wannan na'ura, a harshen Turawa abin da su ke riƙe da shi sunansa ɗaya.

Ma'ana ta huɗu ta majalisa ce, a nan kuwa Turawa su kansu ba su daidaita ba. In mutumin Ingila ya ce zai yi "table" da wata magana, yana nufin zai gabatar da ita a tattauna yanzu. In mutumin Amurka ya faɗi haka, yana nufin a jingine ta sai wani jiƙon. Churchill ya ba da labari a littafi na uku na tarihinsa na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya fito a 1950, cewa bayan Amurka ta shiga yaƙin a ƙarshen 1941, hafsoshin Ingila sun kawo wata takarda ta gaggawa su ka yi amfani da wannan kalma. Hafsoshin Amurka su ka zaci so a ke a ajiye ta a manta. Aka daɗe ana gardama mai zafi kafin a gane cewa abu ɗaya duka su ke so. To, in manyan hafsoshi waɗanda aka haifa cikin harshen sun yi tuntuɓe a kan kalmar nan, ina laifin ɗan Gwiwa? Mu a Nijeriya ma'anar Ingila mu ke bi, ko da ya ke tun 1979 tsarin mulkinmu ya ɗauko salon na Amurka. Sabo da haka in jarida ta ce an yi haka da wani ƙuduri a majalisar jiha a Dutse, gabatar da shi aka yi. Amma in labarin daga Amurka ya fito, sai mai fassara ya yi hattara, kada ya juya magana ta koma kishiyarta.

Sauran kuwa karin magana ne, ba su bukatar dogon bayani, sai dai a nemo musu takwarorinsu na Hausa. In Bature ya ce an biya kuɗi "under the table", toshiyar baki ya ke nufi. In ya ce wani ya yi "turn the tables", reshe ne ya juye da mujiya, maganar kuwa ta samo asali daga wani wasa mai kama da dara da Turawan dā su ke kira da wannan suna. A wurin biki ko taron ƙaddamar da littafi a kan kira mutane zuwa "high table", watau mazaunin manyan baƙi, al'adar da ta fito daga ɗakunan cin abinci na tsofaffin jami'o'in Ingila. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai fassaru kalma da kalma ya ba da ma'ana.

Mun san akwai masu ja da wannan ra'ayi, ya kuwa kamata a saurare su. Waɗansu malamai su kan ce yaran ƙauye ba su da ƙarfi, in aka jibga musu ma'ana biyar za su rikice, gara a ba su ɗaya su riƙe da kyau. Akwai gaskiya a ciki, gama ba mu ce a zuba wa ɗan aji ɗaya zancen majalisa ba. Amma batun rashin ƙarfi, wannan ba mu yarda ba. Ku dubi kalmar baki. Yaro ɗan shekara bakwai ya san bakin mutum, da bakin kogi, da bakin kasuwa, da bakin wuƙa, da bakin aiki, ya san an sa baki a magana, ya san wane ya yi baki biyu. Bai taɓa rikicewa ba, ba kuwa wanda ya zaunar da shi ya karanta masa. Baturen da aka gaya wa cewa baki shi ne abin cin abinci kurum, shi ne zai tsaya yana neman haƙoran kogi. Ashe kan yaronmu ya saba ɗaukar kalma ɗaya mai fuska da yawa. Abin da ya rasa, ba a gaya masa cewa Turanci ma haka ya ke ba.

Waɗansu kuma su kan ce, to, me ya hana mu bar tebur ta ɗauki ma'anonin nan duka a Hausa, mu huta? Ga shi masu labarin wasanni a rediyo suna cewa ƙungiya kaza tana saman teburin gasa, ko wa kuwa yana ganewa. Masu labarin duniya kuma suna cewa an hau teburin sulhu. Amsarmu ita ce, harshe na masu shi ne, abin da jama'a su ka karɓa ba malamin makaranta da zai ƙwace. Teburin gasa ya zauna, mun bar shi. Amma inda Hausa ta ke da kalmarta mai kyau, ba mu ga dalilin korarta ba. Muna da jadawali, muna da zaman sulhu. Sulhu a ƙasar Kazaure a zaure a ke yinsa, a kan tabarma, gaban mai unguwa ko dagaci ko liman, ba wanda ya hau ko mene ne. In mu ka bar tebur ta haɗiye waɗannan duka, yaro zai tashi da kalma ɗaya a harshe biyu, bai fahimci abin ba a ko wanne.

Akwai kuma na uku, masu kishin Hausa, waɗanda su ke so a kori tebur ɗungum don baƙuwa ce. Su ma muna ba su haƙuri. In za a kori baƙi, allo zai koma ƙasar Larabawa, jadawali ya bi shi, fensir da kyandir su koma Ingila, Turawa kuma su mayar wa mutanen Rum kalmarsu. Ba harshen da ya rayu bai yi aro ba. Abin kunya shi ne mutum ya ari riga bai san gabanta da bayanta ba.

To, me za mu yi in mun shiga aji? Shawararmu huɗu ce, ba kuwa wadda ta ke bukatar kuɗi. Ta fari, kada mu koyar da kalma tsirara, mu sa ta cikin jimla, don maƙwabtanta su ne su ke nuna wace fuska ta juyo. Ta biyu, mu ba da ko wace ma'ana a lokacinta. Ran da aka manna jadawali a bango, ran nan za a ce wa yara ga tsohuwar kalmarku ta sake riga. Ran da aka zo darasin kiwon lafiya, malami ya zo da cokula biyu a aljihu, ya sa yaro ya juye ƙaramin cikin babban har sau uku, ko wa na kallo. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai manta ba. Ta uku, ko wane aji ya sami ɗan littafi guda, shafi ɗaya ga kalma ɗaya, duk ran da aka gamu da sabuwar ma'ana a rubuta ta tare da takwararta ta Hausa. Ta huɗu, mu kanmu mu koyi duba ƙamus har ƙasa. Yawancinmu mu kan karanta ma'ana ta fari mu rufe littafi, alhali wadda mu ke nema tana lamba ta huɗu ko ta biyar. Ga ƙamusun Bargery na 1934, ga na Abraham na 1949, ga na Hausa zalla wanda Jami'ar Bayero ta fitar a 2006. Wanda ya duba yawan abin da aka rubuta a ƙarƙashin kalmar ci ko kai a cikinsu, zai daina mamakin Turanci.

Tebur kuwa misali ne kurum mu ka ɗauka. Kayan ɗaki na Turanci kusan duk haka su ke. "Bed" gado ne, kuma kwarin kogi ne, kuma fangalin lambu ne. "Iron" ƙarfe ne, kuma dutsen guga ne. "Chair" kujera ce, kuma shugaban taro ne. "Match" ashana ce, kuma karawa ce ta ƙwallo. Waɗannan ƙananan kalmomi su ne aka fi rainawa, don ana ganin an gama da su tun aji ɗaya, sai malami ya tafi farautar dogayen kalmomi masu cika baki don a ce ya iya Turanci. Doguwar kalma kuwa galibi ma'anarta ɗaya ce, in ka haddace ta ka gama. Gajerar ita ce mai rassa, ita ce kuma yaro zai gamu da ita kullum, a takardar jarrabawa, da jikin kwalbar magani, da wasiƙar hukuma.

Muna roƙon malamanmu su sa wannan cikin abin da su ke dubawa in sun zo ganin koyarwarmu ta gwaji. Muna kuma roƙon 'yan'uwa, duk wanda ya san wata ma'ana ta kalmar nan da ba mu kawo ba, ko wata kalmar gida mai irin wannan hali, ya rubuto a buga a fitowa ta gaba, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyayen yaran nan sun raba su da gona da kiwo sun miƙo mana su bisa amana, suna sa ran za su komo su karanta musu takarda daidai. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar nan, ya sa ilmin da mu ke nema ya amfane mu, ya amfani ƙasarmu. Amin.